Tandun Tozalin Inna

Ɗakin da na kama tun ina gida, ranar da na sauka Faransa na tarar babu shi a duniya. Na tsaya a ƙofar wani dogon gini da akwatuna biyu, ina nuna wa wata tsohuwa hoton ɗakin a waya, ita kuma tana girgiza kai tana nuna mini hanya da hannu. Mutumin da ya ce shi dillali ne, wanda kullum yake gaishe ni da "'yar'uwata", wayarsa a kashe. Ni Zulai, 'yar Jibiya, da na tashi a bakin boda ina kallon yadda ake damfarar baƙi har ina yi musu dariya, ga shi an yi mini sakiyar da ba ruwa tun ban kwana ba.

Na ja kayana zuwa wurin jiran bas, na kira mijina Bashir da ke koyarwa a Katsina, ina kuka ina masifa, kamar shi ya turo dillalin. Ina ajiye wayar sai na ji wata murya a bayana.

"Ke ɗiyar nan, in kin gama kukan, goge idonki. Tozalin gida ne wanga, ya zubo miki har haɓa."

Na waiwaya na ga wata mata mai jiki, da jakar cefane a hannu. Hajiya Mariyama ke nan, mutuniyar Maraɗi, ta daɗe a garin tana kitso. Da na ce mata daga Jibiya nake, sai ta ce ai mu maƙwabta ne, shinge ne kawai tsakaninmu. Ta ɗauki akwati guda, ni na ɗauki guda. A falonta na zauna har na samu ɗaki na gaskiya, ba ta taɓa yi mini fuska ba, sai dai faɗa in na bar tagar banɗaki a buɗe.

Tozalin da ta gane na Inna ne, mahaifiyata. Inna tana da faranti a wata rumfa daf da shingen boda, inda manyan motoci ke jeruwa suna jiran a duba takardu. Lalle take sayarwa da turare da tozali. Dutsen tozalin daga Maraɗi ake kawo mata, baƙi mai walƙiya, ita ke daka shi ta niƙe ta tankaɗe da wani ƙyalle mai laushi. Matan Gangara da na Bugaje in sun shigo cin kasuwa sai sun biya ta wurinta, matan tsallake ma haka. Tunda nake, sau ɗaya na taɓa ganin idon Inna ba tozali, lokacin da take takabar Babanmu. Da zan taho ta cika mini wani ɗan tandu na fata, ta ce in riƙa sawa kada Turawa su zaci ciwo nake.

Ita kuma na bar mata Ummi, 'yata. An kai mata ita yaye kamar yadda ake yi, sai tallafin karatuna ya fito, yaye ya zarce ya zama riƙo. Kowa ya ce na yi dace da uwa. Ni ma haka na ce.

Aikin da ya kai ni, na gilashi ne. In na faɗa wa mutanenmu haka sai su ce, "To, taga ko kofi?" Ba ko ɗaya. Akwai wani irin batir da ake son yi da sinadarin da ke cikin gishiri, don ya yi araha, ya kuma jure zafi irin namu. Irin wannan batir sai an liƙe bakinsa da gilashi, ta yadda iska ba za ta shiga ba. Gilashin da ya fi sauƙin narkewa don wannan liƙi, tun da can da dalma ake haɗa shi. Aikina shi ne in samo haɗin da zai narke da sauƙi, ya kama ƙarfe, bai tsage ba, kuma ba dalma a ciki ko kaɗan.

Watannin farko na sha wuya. Faransancin da na zo da shi na bakin boda ne, na san duwan, wato kwastan, na san jandarma, na san yadda ake zagin direban da ya tare hanya. Cikin kalmomin nan ba wadda ta taimake ni a gaban tanderun narka gilashi. Farfesar da ke duba aikina mace ce siririya mai saurin magana, in ta ce aikina "ba laifi" sai in wuni ina murna, sai daga baya na gane haka take ce wa kowa. Gilashina kuwa in na zubo shi daga tanderu ya huce, sai in ji ƙas, ya tsage. Har na kai in na ji cokali ya taɓa kofi a gidan Hajiya gabana sai ya faɗi.

Dalma a wannan ɗakin gwaji tana da kabad nata na daban, mai makulli, da hoton ƙoƙon kai a jiki. Kafin a bar ka ka taɓa ta sai an zaunar da kai an karanta maka abin da take yi wa jiki: tana taruwa a jini da ƙashi, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa, ta taɓa ƙwaƙwalwa tun tana tsiro, ba tare da an ga rauni a waje ba. Na saurara, na sa hannu, na sa safar hannu biyu. A lokacin idona cike yake da tozali.

Wata ɗaliba 'yar Tunisiya, Samira, ita aka haɗa ni da ita ta koya mini na'urar da ke faɗin abin da ke cikin kowane gari ko dutse. Muna neman abin gwaji na wasa, ta gwada zobenta, ta gwada garin shayi, sai ta ce, "Kawo wannan abin naki na ido mu gani, kakata ma tana da irinsa." Na zaro tandu daga jaka ina alfahari, ina ba ta labarin yadda Inna ke tankaɗe shi. Na zuba ɗan kaɗan a faranti. Da sakamako ya fito Samira ta daina dariya. Ta sake gwadawa, ta goge farantin ta sake. Dutsen Inna, in ka cire farar wutar da ke haɗe da shi, kusan duka dalma ne.

Na je famfon wanke ido na gaggawa, wanda aka tanada don hatsari, na wanke fuskata har ta yi ja. Ina tsaye ruwa na ɗiga daga haɓata, abin da nake gani shi ne hoton Ummi da Bashir ya turo mini ranar Juma'a. An rambaɗa mata tozali, an ja mata gira, an ɗiga mata a goshi saboda baki. Yarinya kuma in ta murza ido, hannun baki yake tafiya.

Ranar na kira Inna. Na gaishe ta, na tambayi kasuwa, na tambayi ƙafarta, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce, "Inna, tozalin nan an duba shi, akwai wani abu a ciki da ba shi da kyau ga yara. Da a ɗan rage sa wa Ummi."

Ta yi dariya har da tari. "Zule, sanyi ya taɓa miki kai? Tozalin da yake sunna?"

"Na sunna daban ne, Inna, wani dutse ne. Wannan kama kawai suka yi."

"To da mi na raine ki? Tun ranar suna nike sa miki shi. Ga ki can kina koya wa Turawa karatu. In shi ka lalata kai, Allah shi ƙara mamu irin lalacewar."

Na san cewa don wani ya tsira ba ya nufin kowa zai tsira, na san ba wanda ya taɓa auna abin da ni kaina na rasa. Amma na san Inna. In na matsa, za ta ce, "Tunda riƙona bai yi miki ba, zo ki ɗauki ɗiyarki." Ni kuma ba ni da inda zan kai yarinya a ɗakin da bai fi rumfar Inna ba, tallafin kuma ba ya jiran mai jego. Sai na ce, "To Inna, a dai riƙa kula," muka koma hirar tsadar gero. Na ajiye waya na ce wa kaina ai na faɗa.

Na gaya wa Bashir. Ya tsorata ƙwarai, amma ya ce, "Yanzu ni in je in tsaya gaban surukata in ce sana'arta guba ce? Da wane bakin?" Ya dai aika ƙanwarsa da saƙo, saƙon ya isa a matsayin gaisuwa. Na sayi tozalin kanti wanda aka tabbatar ba dalma, na ba wata 'yar'uwar Hajiya Mariyama da za ta gida. Inna ta karɓa ta yi godiya, ta jera shi a faranti ta sayar wa amare a matsayin ɗan Faransa. Ta ce ba ya kama ido, ba ya sanyi, na 'yan gayu ne.

A shekara ta uku gilashina ya daina tsagewa. Ba wata dabara ta dare ɗaya ba ce, canza awo ne kaɗan-kaɗan har Allah ya sa aka dace. Na tsaya gaban tanderu ina jiran ƙas, ban ji ba. Farfesa ta ɗaga shi a haske, ta juya shi, ba ta ce "ba laifi" ba, ta ce in zauna in rubuta. Da aka buga aikin, sai ga mutanen da ban taɓa gani ba, daga ƙasashen da ban san inda suke a taswira ba, suna ambaton sunana a nasu rubutun. Wani kamfani ya nemi ya gwada haɗin a batiransa. A wurinmu haka ake auna mutum, da yawan waɗanda suka ɗora aikinsu a kan nasa. Na riƙa leƙa shafin da safe kamar mai duba kaji ko sun yi ƙwai.

Aka gayyace ni wani babban taro. Na sa atamfa, na hau dandamali, na fara da hoton ƙwaƙwalwar yaro da bayanin abin da dalma ke yi mata, don masu sauraro su san dalilin aikin. Bayan tafi, wani dattijo ya tambaye ni abin da ya ja ni ga wannan fanni. Na ce na fito daga yankin da dalma ta cuci yara da yawa, ba zan iya zuba ido ba. Aka sake tafawa, wata mata har ta rungume ni. Na koma masauki na zauna bakin gado da takalmi a ƙafa. Na sayar musu da tausayin yaran garinmu an ba ni tafi, alhali tawa 'yar, da safiyar ranar ma, an ɗaga mata haɓa an sa mata. Kunyar kaina ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba.

Ummi kuwa ta girma a cikin waya. Sa'anninta suna surutu, ita kalma ɗaya-ɗaya. Inna ta ce nauyin baki ne, Babanmu ma sai da aka fid da rai sannan ya yi magana. Ta ce yarinyar ba ta son abinci, tana yawan riƙe ciki, amma ai haƙora ne, ko shawara. Duk abin da ta lissafa yana cikin takardar da na sa wa hannu a gaban kabad mai makulli. Yana kuma iya zama haƙoran da gaske. Da wannan "yana iya zama" na rayu har na kare digirina.

Hajiya Mariyama ce ta raka ni tashar jirgin ƙasa. Na taɓa ba ta labarin na'urar, tun ranar ta daina sa wa jikokinta, ba gardama. A tasha ta riƙe hannuna ta ce, "Ni kin hwaɗa mani kai tsaye, don ni ba komi nike riƙe maki ba." Na shiga jirgi.

Ta Yamai na dawo, tikitin can ya fi sauƙi. Daga nan bas zuwa Maraɗi, doguwar tafiya mai karya baya, ana tsayawa jandarmomi su leƙo su duba fuska. A kasuwar Maraɗi na bi layin 'yan koli na ga dutsen a tule cikin kwano yana walƙiya, mata suna ɗauka suna aunawa a tafin hannu. Mai kayan ya ga ina kallo, ya ce, "Hajiya, na gaske ne, ji nauyi." Gaskiya ya faɗa, nauyin nan shi ne dalmar.

Daga Ɗan Isa, garin bakin boda na tsallake, muka shigo. A shinge wani jami'i ya juya fasfo ɗina, ya ga tambarin ƙasashe, ya ce, "Dokta ce ashe? To a duba mini hawan jini." Na ce ba irin wannan ba ce. Ya ce to wace iri, na ce ta gilashi, ya miƙo mini fasfo yana dariya. Ina ɗaga kai na hango rumfar, tsakanin mai shayi da mai gyaran batiran manyan motoci, inda na bar ta. Inna ta miƙe tana tafa hannu tana kiran sunan Allah. Wata 'yar yarinya siririya ta ɓuya a bayan zanenta, ta leƙo da idanu baƙi ƙirin.

"Ga uwarki," in ji Inna. "Ce sannu da zuwa."

Ummi ta dube ni, ta dubi Inna, ta cusa yatsa a baki.

Washegari da hantsi, kafin kasuwa ta cika, na zauna kusa da farantin. Na zo da wasu 'yan tsinkaye masu auduga a kai, waɗanda in sun taɓa dalma suke rinewa ja. Na roƙi mai gyaran batir ya ba ni guntun kan tsohon batir. Inna ta san wannan, kullum tana korar yara daga wurinsa, tana cewa abin nan guba ne. Na goga tsinke ɗaya a jikinsa, ya yi ja. Na goga wani a kan lalle, bai canza ba. Na miƙa mata na uku na ce ta goga da hannunta a kan dutsenta.

Ta goga. Ta daɗe tana kallon audugar. Ta ajiye ta kusa da ta batir, ta gyara su suka yi daidai.

"Abu guda ne?"

"Abu guda ne, Inna."

Ta juya ta dubi Ummi da ke wasa da murfin kwalba a ƙasa. "Rashin maganar nan, ni na yi mata?"

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Sai an auna jininta a asibiti, a Katsina. In akwai, akwai abin da za a yi, amma abin da ya riga ya taɓa ba lallai ya dawo ba."

"Tun yaushe kinka sani?"

"Tun shekarar farko. Ai na kira ki."

"Kin kira ni." Muryarta ba ta tashi ba, da ma ta tashi. "Kin ce a ɗan rage. Kamar mai maganar gishiri a miya. Zule, da kin ce mani kan ɗiyarki zai taɓu, da kin yi mani kuka, da kin yi mani rashin kunya ma, kina ganin zan ci gaba? Ni ban yi boko ba. Ke kinka gani da idonki."

"Na ji tsoro ki ce in zo in ɗauke ta."

Ban shirya faɗin haka ba, fitowa ya yi. Inna ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Ba ta zage ni ba. Ta ɗauki ƙyallen tankaɗe ta rufe kwanon tozalin, ta ce a hankali, ba da ni take ba, "Ɗiyan Gangara, ɗiyan Bugaje, duk wanda anka haifa uwarshi nan take zuwa." Wata mata ta tsaya ta tambayi tozali, Inna ta ce ya ƙare.

Kwana biyu bayan nan muka shirya tafiya Katsina, Bashir zai tare mu a can. Da safe na yi wa Ummi wanka, ta yarda da ƙyar. Ina gama shafa mata mai ta zame daga hannuna ta tafi gaban Inna, ta ɗaga haɓa, ta buɗe ido sosai, ta tsaya cik tana jira, kamar yadda aka koya mata tun ba ta iya zama ba. Inna ta kai hannu inda tandu yake zama, ta dawo da hannun ba komai. Ta shafa kan yarinyar ta ce, "Yau babu. Tahi wurin uwarki ta sa maki takalmi."

Sai a hanyar tasha na lura da fuskar Inna. Ta wanke idonta tas. Sun yi ƙanana, sun yi fari, gefensu ya yi ja, ta tsufa a gabana cikin kwana biyu. A tasha wata tsohuwar mai cinikinta ta taho da fara'a, tana ganin fuskar ta tsaya, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Inna, wa ya rasu ba mu ji ba?"

Inna ta gyara wa Ummi ɗankwali, ta ɗaga ta ta miƙo mini ita cikin mota.

"Ba a yi rasuwa ba," ta ce. "Za mu dai asibiti mu ji."